Rijiyar Baba Idi a shafin maktaba

"Wa ya taɓa mini magana?" in ji Baba Idi, ya ƙura wa kwamfutar ido duk da ba ya karatun boko.

A maktabar Sabha muke, zamanin da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. Shi magini ne a unguwar Mahdiya, ya daɗe rabonsa da gida. Kwanakin baya ya faɗa mini labarin ƙauyensu na wajen Tanut, na rubuta a shafin intanet ɗin nan da kowa ke iya gyarawa: rijiyarsu mai ruwan daɗi, da kasuwar da ke ci a bakinta.

Da muka dawo maktabar, sai muka tarar wani da ba mu sani ba ya gyara. Na karanta masa: rairayi ya binne rijiyar, mutane sun tashi.

"Baba, in mayar da naka? Ana iyawa."

Ya share fuska da bakin rawani.

"Bar shi, ɗana. Shi ya gani da idonsa. Ni abin da na baro nake faɗa."

Washegari ya fara neman motar Agadas, hanyar gida.

'Yan'uwa na ci-rani, garin da kuke ba mutane labari, yana nan kuwa?