Malam Inuwa da Ƙafar Muntari

Kafin jiniyar kamfanin jima na Bompai ta yi kuka, Malam Inuwa ya jingine kekensa, ya ɗora ruwa a risho, ya tsaya bakin ƙofa yana leƙen ƙafafun leburori. Shekara goma sha huɗu yana wankin ciwo a ɗakin maganin kamfanin nan, ban san wanda ya taɓa ganinsa zaune ba. Ko shayi a tsaye yake sha.

Majema suna da wata ɗabi'a. Wanda ya yanke sai ya tsoma ciwon a ramin farar ƙasa, wai ruwan da ke cinye ƙazantar fatar sa ba zai bar ta mutum ba. Haka Muntari mai kankare fata ya yi ta yi wa ƙwaurinsa har ciwo ya zama gyambo. A 1961 likita ya ba shi wata guda, in bai canja ba a yanke ƙafar.

Malam Inuwa ya tare shi. "Muntari, cikin jininka akwai 'yan tsaro farare, ido ba ya ganinsu. Fata na tsagewa su ke fara zuwa. Zafi da kumburin nan faɗansu ne, mugunya gawarsu ce."

"To ai aiki suke mini, Malam."

"Da ka ƙyale su, da tuni sun gama sun koma. Kullum kana tsokanarsu da ruwan rami, sun kasa gane faɗa ya ƙare. Yanzu namanka suke ci."

Sau biyar Malam Inuwa ya je wurin manaja a yini ɗaya, har aka gaji aka mayar da Muntari rumfar shanya fata, nesa da ramin. Safe da yamma yana wankewa da ruwan gishiri, yana ɗaurewa, yana faɗa. Ran Lahadi ya bi shi gida Fagge don bai yarda da shi ba, ya kuwa tarar da kwalbar ruwan rami ƙarƙashin gado.

Malam, ku ne mai hana kai sukuni don wani ya samu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Amma kun ajiye aiki hankalina bai kwanta ba, don jiya na ga wani sabon lebura yana tsoma yatsa a rami. Ku masu ɗakunan magani, ku riƙa fitowa bakin ƙofa kamar yadda ya yi.

Ranar da aka yi sallama da Malam, Muntari ya ƙi a ɗauko shi a keke. Daga Fagge ya tako har Bompai, ya tsaya gaban Malam, ya ɗage wando, ya nuna masa ƙwaurin da ya warke.