Jan Ƙyallen Baba Pam

Wane ne a cikinku zai hau jirgin ƙasa na Kafanchan ranar Asabar? Ya tsaya ya karanta wannan takardar kafin ya je yankan tikiti.

Baba Pam ya rasu.

Da safiyar nan 'yarsa Kaneng ta same ni a nan teburin mai jarida na unguwar Terminus, inda muke taruwa kullum mu karanta a tsaye, ta faɗa mini. Shi ya sa na manna wannan a allonmu. Ku yi haƙuri da rubutun.

Wanda bai san shi ba: dattijon nan ne mai baƙar kwat da ke zama a ƙarshen benci. Duk ƙuruciyarsa a bin layin dogo da ƙafa ya ƙare ta, da guduma a kafaɗa, yana duba inda ya kwance. Da ya yi ritaya sai ya koma raka baƙi. Turawan Vom, malaman jami'a na Titin Bauchi, ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu a jirgin safe, ya nuna musu Kafanchan, ya dawo da su da yamma.

Ni nake karanta masa jarida, don idonsa ya raunana. Lauya yake kirana, wai bakina ba birki. Ranar da na rasa aiki a gareji, shi ya raba doyarsa biyu ya turo mini rabi, bai tambaye ni abin da na faɗa wa oga ba.

Sati uku da suka wuce ina ta cika baki kan jirage, ya ce, "Lauya, ka taɓa hawa?"

Ban taɓa ba. A littafi na san su.

"To gobe ni da kai. Wannan karon kai ne Baturena."

Muna zama a tarago ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya dasa tafin ƙafa a ƙasa. Haka yake yi kullum, kuma haka yake sa baƙinsa su yi. Ya ce ido yana kallon duwatsu, ƙafa ce ke jin hanya. Na yi masa dariya, na ƙi cire nawa.

Muka wuce Bukuru, muka wuce Kuru. Yana nuna mini tsofaffin ramukan kuza cike da koren ruwa, yana gaya mini wanda ya ci mutum da wanda bai ci ba tukuna. Hadari ya haɗu ta gabas tun hantsi, ya ƙi zuba, ya ƙi tafiya.

Can a gangara, kafin duwatsun Kagoro, muka hau wata ƙaramar kwalbati. Baba ya ɗage ƙafa kamar ya taka garwashi. Maganar da yake yi ta yanke a tsakiya.

A Kafanchan ya nuna mini inda layuka suke haɗuwa, ya saya mini gasasshiyar masara. Shi bai ci komai ba.

A dawowa ya ce, "Cire takalmi. Ba wasa nake ba." Na cire. Da muka zo wurin na ji da ƙafata: ƙasan taragon ya ɗan nutse, ya taso, kamar an taka katifa.

"Ruwa ya ci ƙasa a ƙarƙashi," in ji shi. "Damina kuma yanzu ta fara."

Washegari a kan bencin nan ya ce in rubuta masa takarda zuwa ofishin jirgin ƙasa. "Sa wurin, sa lambar da ke jikin turken bakin layi, ka ce ruwa ya ci ƙasa. Shi ke nan, Lauya. Kada ka ƙara gishiri."

Na ƙara. Shafi biyu na cika da Turancin da na tsinta a ƙamus, na kira mutanen ofishin ragwaye, na kira su masu barci a kujera. Lambar turken sai can ƙasan shafi na biyu. Da ya ce in karanta masa, abin da ya faɗa kawai na karanta. Wannan laifina ne, na faɗa a gabanku.

Amma takardar ba ta tsaya a hannuna ba. Wani akawun ofishin da ke karanta jarida tare da mu kullum ya karɓa, ya sa a aljihun riga, ya ce gobe-goben nan tana kan teburin ogansa. Mu biyar muka shaida. Akawu, ba zan rubuta sunanka ba. Ka san kanka.

Da Baba ya ga shiru, ya tattara ya koma ƙauyen 'yan'uwansa kusa da wurin. Duk ranar jirgi sai ya fita da jan ƙyalle ɗaure a sanda, ya tsaya gaban kwalbatin, direbobin da suka san shi su rage gudu. Ganina da shi na ƙarshe a tashar mota ne. Ya ce, "In amsa ta zo, ka aiko. Ƙafata ta gaji."

Jiya wani makiyayi ya ga gawarsa a cikin rafin da ke bi ta ƙarƙashin kwalbatin. Gefen tudun layin ne ya zame da shi. Ƙasar da ya ce ruwa ya ci, ita ce.

Allah ya ji ƙan Baba, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba, ya ba Kaneng haƙuri. Mai zuwa coci ya sa shi a addu'a. Mai zuwa masallaci ya roƙa wa waɗanda za su hau jirgin nan tsari.

Kaneng ta kawo mini ƙyallen, da laka a jikinsa. Ranar Asabar zan je in tsaya inda ya tsaya, duk da ba direban da ya san fuskata.

Kai kuma, akawu, na bar maka wuri a ƙasan takardar nan, ga biro ɗaure da zare. Ka kai ta, ko tana aljihunka? Idan zagina ne ya sa aka yar, rubuta haka, in sake wata mai layi uku yau ɗin nan. Ka amsa a nan, inda kowa zai gani, kafin Asabar.