Guduma Marar Lamba

Baba Ari ya yi shekara ashirin da biyu yana bin layin dogo da ƙafa daga tashar Birniwa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma yana sauraro. In ƙarfe ya amsa garau, ya wuce. In ya yi amo kamar jiƙaƙƙiyar ganga, ya tsaya ya ɗaure. Babarbare ne, iyayensa daga bakin Tabkin Cadi suka zo suka zauna a wani ƙauye kusa da Kirikasamma. A hannunsa na koyi aikin.

Mu leburori ba mu da karatu. Da ƙungiyar ma'aikata ta zo mana, a gindin tsamiyar bayan tasha muke taro, Juma'ar farkon kowane wata. In za a yanke magana, wanda ya yarda sai ya ajiye gudumarsa a ƙasa gaban sakatare. Baba Ari ne ya fara wannan a shekarar babban yajin aiki. Ya ce baki yakan ce i da safe ya ce a'a da yamma, amma wanda ya ajiye guduma ba shi da abin komawa aiki da shi.

Sai dai gudumar ba tamu ba ce, ta wurin aiki ce, kowacce da lambarta a ƙugu. Ranar da Bature ya ce Baba Ari ya tsufa, aka sallame shi, ya mai da tasa sito. Wata uku yana zuwa taro hannu wofi, yana kallo. A na huɗu ya tafi kasuwar Hadejia, maƙeri ya ƙera masa wata, nauyi ɗaya, ƙota ɗaya.

Daminar shekarar ruwa ya ci ɗakunanmu, don a fadama aka gina su. Aka kira taro a kan mu nemi a mai da mu tudu, in an ƙi mu ajiye aiki. Baba Ari ya ƙetaro a kwalekwale, ya ƙarasa da ƙafa. Ya iso taɓo har gwiwa, sabuwar gudumar a kafaɗa.

Ɗan'auta, abokin aikinmu mai tsiyar baki, ya ce, "Baba, Bature ya sake ɗaukar ka ne, ko daka za ka yi wa mata?"

"Kanka zan ƙwanƙwasa," in ji shi, "in ji ko akwai kwance a ciki."

Aka yi dariya. Da lokacin ajiyewa ya yi, shi ya fara. Muka bi.

Malam Shu'ibu, sakatarenmu, ya yi elemantare, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya bi gudumomin da yatsa, ya ce, "Ashirin da uku."

Baba Ari ya ce, "Sakatare, sake dubawa. Da huɗu."

"Baba, ka yi haƙuri. Taka ba ta da lamba."

"Ni na koya muku ajiye ta."

"Na sani, Baba. Amma takardar ƙirgar nan Kano za ta, wajen manyan wurin aiki. Sun san mu ashirin da uku ne. In suka ga da huɗu, za su ce mun yi ƙari, su yar da ita duka."

Gaskiya ya faɗa. Baba Ari bai yi masa musu ba. Mu ya waiwayo ya duba, ɗaya bayan ɗaya. Ko cewa muka yi a rubuta sunansa a gefen takardar, da ya isa. Ba wanda ya ce uffan, har ni. Ina tunanin 'ya'yana da ke kwana a kan buhu saboda danshi.

An mai da mu tudu bayan kaka. Ranar ƙaura Baba Ari ya zo ya yini yana ɗaukar azara, ba wanda ya sa shi. Da yamma kowa ya shiga ɗakinsa, shi ya kama hanya.

Bai daina zuwa taro ba. Shekara huɗu yana zuwa. Tsofaffin abokansa suka watse, wasu suka mutu, sababbi ba su san shi ba, suna ce masa tsohon nan mai guduma. Yakan zauna a ƙarshen tabarma. In an zo ajiyewa ya ajiye tasa can gefe, inda ba za ta rikita sakatare ba. In an tashi ya ɗauka ya kaɗe mata ƙasa.

Wata Juma'a bai zo ba, ba wanda ya tambaya. A taron watan da ya biyo baya 'yarsa Saude ta tsaya nesa da tsamiyar ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini gudumar naɗe cikin tsohon zane.

"Kawu, Baba ya rasu, yau kwana goma sha tara. Ya ce ranar taro a kawo ta."

Allah ya jiƙansa. Ba mu je jana'iza ba, ba mu ma ji ba.

Yanzu in an zo ajiyewa, nakan ajiye biyu. Malam Shu'ibu yakan ƙirga ɗaya, ba ya ɗaga kai. Damina biyu suka rage mini in mai da tawa sito.