Igiyar Uwata da Sallar da Muka Yi Mu Biyu

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na ajiye biro na bi motar dabbobi, don haka in ka ga wani wuri ya karkace ka miƙe shi. A lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne mai zafin rai, ina sayo raguna a ƙauyukan Baure in loda su daga Daura zuwa kudu, in yi mako ban kwana gida ba. Ban yarda da kowa ba, har yau ma ba wai na yarda ba ne. Mutum ɗaya ce take sa ni in zauna a ƙasa in yi laushi, 'yata ta uku, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata.

Uwata ba ta magana. Tana ji sarai, amma har ta kai shekara tara ba ta taɓa cewa Baba ba. Dangi suka ce 'yar ruwa ce, wasu suka ce aljanu, aka yi ta turara mata hayaƙi har idonta ya yi ja. Likita ya ce haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarta, ba allura ba ƙwaya, sai haƙuri da koyarwa. Na kai ta makaranta, ba a jima ba suka dawo mini da ita, wai tana hana 'ya'yan mutane karatu, kamar ita 'yar akuya ce. Babbar matsalarmu kuwa ita ce ba ta san jiya ba, ba ta san gobe ba. In na fita, a wurinta na tafi ke nan har abada. Sai muka riƙa yin abin da kowa ke yi wa yara: uwarta ta ja hankalinta da ƙuli-ƙuli, ni kuma in sulale ta ƙofar baya kamar ɓarawo, in ta fara kuka a ce mata yanzun nan zan dawo.

Wata tafiya ina can kudu aka kira ni aka ce Uwata ta ɓace tun hantsi. Sai bayan la'asar wani ɗan acaba ya tsince ta a bakin titin Zango, ƙafa ba takalmi, tana rungume da tsohon takalmina ɗaya, manyan motoci suna wuce ta. Ni take nema. Da na dawo na zazzaga wa uwarta masifa, ita kuma ta bar ni na gama sannan ta tambaye ni wane ne yake fita ta baya. 

Dabarar daga wurin yarinyar ta fito. Ba abin da take so kamar kwance ƙullin igiyoyin da nake ɗaure raguna, sai ta yini a kai. Na samo sabuwar igiya na yi mata ƙulli ɗaya, na fita ta ƙofar gaba tana kallona tana ihu, na kwana a shagon abokina. Da safe ta sha koko, uwarta ta miƙa mata igiya, tana kwancewa na yi sallama. Muka yi ta maimaitawa, sannan na ƙara zuwa biyu, zuwa uku. Da ta gane abin, sai wata rana ta kwance su duka a zama ɗaya ta je ta tsaya a zaure tana jira in faɗo daga sama. Uwarta ta yi dariya har da hawaye, ta ce wayon nan na dangin uba ne. Daga nan aka riƙa rataye igiyar a ƙusa, a sauko da ita bayan koko, ƙulli ɗaya kowace safiya. Na Juma'a na saƙala masa farin ƙyalle mai ƙanshin turarena. Ni kuma na ɗaure kaina da igiyar nan: ranar ƙullin ƙarshe ina gida, ko raguna sun ƙare ko ba su ƙare ba. Abokan sana'a suka ce yarinya marar baki ta sa mini linzami. Na ce ta fi su daraja. Tun daga nan ba ta sake leƙa titi ba.

Da azumi ya kama sai na ɗauki girman kai na ce zan koya mata lissafin wata guda. Tana son Sallah, saboda lalle da sabuwar atamfa. Ranar azumin farko na yi ƙulli ashirin da tara, na ƙarshe na ɗaura masa guntun atamfar da aka ɗinka mata. Ni da na tashi ina jin ana gardamar ganin wata kowace shekara, ban tuna cewa yana iya cika talatin ba. Aka duba ba a gani ba, aka sanar a rediyo za a ƙara azumi ɗaya, muka yi sahur ba wanda ya tuna da igiya. Gari na wayewa sai ga Uwata ta fito, ta taka kujera ta sauko da ita da kanta, ta kwance ƙullin ƙarshe, ta sa rigar Sallah gaba a baya, tana miƙa mini hula.

Uwarta ta ce mata ai sai gobe, kalmar da ba ta da gurbi a kanta. Ta fara buga goshi a bango, ta nufi ƙofa. Uwar ta ce in faki idonta in ƙara ƙulli. Na ce na gama yi wa yarinyar nan sata. In igiya ta yi mata ƙarya yau, gobe ina kudu titin Zango za ta koma. Na shiga ɗaki na zuba babbar riga, na fesa turare, na gyara mata tata, na kama hannunta muka fita.

Malam Edita, na sha bakin mutane ran nan. Masu shago a hanyar Kusugu suna tambayata ko Sallar Nijar na bi. Wani dattijo maƙwabcina ya tare ni da gaske, yana cewa in wata sabuwar ƙungiya na shiga in faɗa masa tun da wuri. Na ce masa cikina yana azumi, shi ma ya gwada sa wa bakinsa. Muka isa filin idi, ba kowa sai awaki. Uwata ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta dubi igiyar, sannan ta dube ni. Ita da ba ta son haɗa ido da mutum. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a ƙasa da babbar rigata na ce mata Baba ne ya yi kuskure, ba igiya ba, ban sani ba ko ta gane.

Da magariba na ɗora ta a kafaɗa bayan gida, inda mutanen unguwa suka taru. Jinjirin wata ya fito siriri, yara suka kaure da ihu. Na kama yatsanta na nuna shi, na taɓa rigarta, na sake nuna shi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta zame ta sauko, ta zauna ta yi ta fama da igiyar, har ta yi ƙulli ɗaya, sako-sako, karkatacce. Ita da ba ta taɓa ɗaurewa ba sai kwancewa. Ta miƙa wa uwarta a rataye. Da safe ta kwance shi, ana ta kabbara a titi, ta ja ni har filin da ya cika maƙil.

Abin da zan gaya wa iyaye masu irin ɗiyata shi ne, rashin magana ba rashin hankali ba ne. Kada ku sulale ta baya, kada ku ce yanzu alhali mako kuke nufi, domin mu mun manta, su kuwa suna tsaye a zaure. Ku nemo abin da hannunsu ke so ku koya musu kwanaki da shi, in kun yi alkawari ku cika, in kun yi kuskure ku tsaya a gabansu ku ɗauka. Masu cewa 'yar ruwa kuwa na bar su da Allah, ban yafe ba tukuna.

Har yau in zan yi tafiya nakan ɗaura mata kwanakina. In na gama sai ta karɓa, ta ƙara nata ƙullin guda a ƙarshe, ta dube ni. Ta riga ta san wata yana makara, Baba ma yana iya makara, amma dukansu suna fitowa.