Ni ce na rubuta, ba Yaya Bashir ba

Shekara shida ke nan da muka sallaci Yaya Bashir a Harami. Ni ba gwanar dogon zance ba ce, amma bana shirun ya ishe ni.

Duk wanda ya taso a unguwar Tandabawi ta Makka yana buga wasan bidiyo ya san shi. Direban bas ne a Kudai, ba ɗan jarida ba. Amma in sabon wasa ya fito, 'yan unguwa ba sa saya sai sun ga abin da ya rubuta a zauren da ya buɗe musu a waya. Ƙa'idarsa ɗaya: ba ya cewa uffan sai ya kai wasa ƙarshe, ko da zai ci wata guda. In an matsa masa ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ni kuwa haushi yake ba ni.

"Yalla mana, Yaya, kafin ka gama an daina yayinsa!"

"Uwar gaggawa, je ki sayo mana burodin tamis."

A shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da shi asibiti, wani wasa ya fito da kowa ke ɗoki. Masu sharhi na intanet, waɗanda ake ba su tun kafin a kai kasuwa, sun gama kambama shi. Zaure ya cika da "ina Bashir?" Wayarsa tana hannuna. Na buga wasan awa biyu, ya yi mini daɗi, na kwaikwayi salonsa na rubuta: "Na gama shi, ku saya."

Suka saya. Ashe a tsakiya wasan ƙamewa yake, ya goge duk inda mutum ya kai. Aka ce wani mai shago a Utaibiyya ya saye Bashir. Rabin zauren suka fice.

Da ya dawo gida ya karanta komai, ya ɗago ya dube ni.

"Awa nawa kika buga?"

"Biyu."

"Halas, ya wuce. Kar ki ce komai, bakinsu ba zai miki daɗi ba."

Ya rubuta musu, "Na yi kuskure, ku yafe ni." Bayan wata huɗu ya rasu.

Yau abin ya wuce yadda Yaya ya bar shi. Ana yaba wasa ranar da ya fito, wani ma kafin ya fito, mai yabon yana sanye da rigar da kamfanin ya aiko masa. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ba zai yi faɗa ba, faɗa nawa ne. Zai gyara zama a kan darduma, ya ɗauki abin bugawa, ya ce "tukuna". Wallahi kalmar nan nake kewa fiye da komai. Ba wanda yake ce mini tukuna yanzu.

Me ya rage nasa? Na'urar wasansa tana cikin kabad ɗin Umma, zauren ya mutu. Sunansa kawai, shi ma da tabo. Makon jiya a shago na ji wani magidanci, tsohon ɗan zauren, yana ce wa abokinsa, "Kar ka yarda da kowa, Bashir ma an saye shi."

Ba a saye shi ba. Bai taɓa yabon abin da bai gama ba. Ya hana ni magana, na bi umarninsa shekara shida, yau na saɓa. Ni ce, Hauwa, ƙanwarsa. Mai sauran zagi ya kawo mini, shi ku yi masa addu'a. Allah ya haskaka kabarinsa.