Wanda ya riƙe mini igiya

Shekarun baya, wajen takwas ke nan, aka taɓa tafa mini a cikin taro. Sau ɗaya ne a rayuwata, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ni maginin rijiya ne. Ban yi lakwal ba, wato boko. A aikinmu mutum biyu ne: ɗaya a ƙasa yana gina, ɗaya a sama yana riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugun na ƙasa. Na sama ba ya cin abinci, ba ya zagayawa, ba ya amsa kira, sai na ƙasa ya fito. Abokina ne na samana tun muna samari.

Wata shekara a wani ƙauye bayan Durum, ina gaba goma sha biyu a ƙasa, bango ya rufto. Yashi ya rufe ni har wuya, jiƙaƙƙen yashin gindi kuma yana ja na ƙasa. Abokina ya naɗe igiyar a hannunsa na dama, ya tokare ƙafa da gungumen bakin rijiya. Tun hantsi har la'asar mutanen gari suna kwashe yashi, shi yana riƙe. Igiya ta ci namansa har ƙashi. Yatsunsa uku ba su sake lanƙwasuwa ba.

Bayan shekaru wata ƙungiya ta kawo wani mutum daga Yamai, wai mai ƙarfafa wa matasa gwiwa. Mushe ake ce masa, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Wani a unguwarmu ya ba shi labarina, ya zo har gida da kwat da karabat ɗaure a wuya cikin zafin nan na Damagaram. Na gaya masa komai, har da hannun abokina. Ya ce, "Baba, za mu ɗan gyara labarin don ya ratsa zuciya." Ban tambaye shi me za a gyara ba. Na zaci zamana a kujera za a gyara.

Ni na je na kira abokina. Na ce, "Zo ka ga yadda ake girmama talaka."

Ya ce, "Kai za a girmama? To bari in zo, kada a ba ni labari."

Ya sa rigarsa ta Juma'a. A ƙofa aka wuce da ni gaba, aka ajiye mini ruwan gora. Shi aka nuna masa benci a can baya.

Mushe ya iya baki, ba zan hana shi ba. Yana yi da Faransanci, yana juyawa da Hausa. Ya sa matasa suna faɗin "Ni kaɗai na isa" har rufin kwano yana amsawa. Sai ya ɗauko igiya sabuwa fil, ya ɗaura a ƙugunsa, ya ba wasu mutum biyu su ja. Ya ce wannan igiyar ita ce dangi da abokai da ke hana mutum ci gaba. Ya zaro almakashi ya datse ta. Aka yi tafi.

Daga nan ya nuna ni. Ya ce, "Ku dubi wannan dattijo. Rijiya ta rufta da shi. Na sama suka fid da rai, suka koma gefe suna salati. Babu wanda ya zo. Amma ya ce wa kansa ba zan mutu ba, ya tono kansa da faratansa."

Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Ga abin kunyar: daɗi ya kama ni. Ni da ba a taɓa miƙe wa ba ko a gidana, na ɗaga hannu ina gaishe su kamar ɗan takara.

Hannuna na sama na hango abokina. Ya tashi, ya cusa hannun nan nasa cikin aljihu, ya fita. Bai dube ni ba.

Na tashi na karɓi abin maganar daga hannun Mushe. Ya zaci godiya zan yi.

Na ce, "Mushe, ka taɓa shiga rijiya?"

Ya yi dariya. "A'a Baba, ai misali ne."

Na ce, "Ni ba misali ba ne. Abin da ka faɗa ƙarya ne. Mutum ya riƙe ni tun hantsi har la'asar, ya bar yatsunsa a kan igiya. Yanzu ya fita ta ƙofar can. A rijiya in ka yanke igiya, gawa ake cirowa."

Mushe ya matso yana raɗa mini wai kada in ɓata masa tsari. Na tsinci guntayen igiyar na miƙa masa, na ce ya ɓata igiya mai kyau. Na fita.

Na iske abokina a bakin hanya yana jiran mashin na kabu-kabu.

Ya ce, "Jarumi, an gama tafin?"

"Na gaya musu ƙarya ne."

"Bayan ka ɗaga hannu."

Na ce, "Bayan na ɗaga hannu."

Ya hau mashin ya tafi. Sati uku bai leƙo ni ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa. Aka ba ni aiki a Gafati, na rasa wanda zan yarda ya tsaya mini a sama. Ranar da zan fara, na zo bakin rijiya na same shi zaune a kan gungume, yana duba igiya taku-taku da hannun hagu, yadda ya saba.

Ya ce, "Sauka. Ko in koma gida, ka tono kanka da farata?"

Na ɗaura igiya na sauka.

Yanzu duk mun bar aikin, gwiwa ta ƙi. Amma ina jin irin su Mushe a rediyo da cikin waya, suna gaya wa ƴaƴan mutane su kaɗai sun isa. Mutumin da uwarsa ta goya, wani ya koya masa karatu, wani ya gina rijiyar da yake sha, shi ne zai tsaya da almakashi. Ban hana kowa ƙoƙari ba. Ni ma a ƙasan nan ban kwanta ba, na yi ta ture yashi daga hancina. Amma da abokina ya saki igiya, da ƙoƙarina ya tafi tare da ni.

Mushe bai san rijiya ba, shi ya sa haushinsa ya ɗan ragu. Nawa hannun ya san gaskiya sarai, ya kuma tashi sama da aka tafa. Shi ne ban yafe wa ba.