Malam Dalhatu, Mai Rumbun Saƙonninmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, muna tsaka da aiki a ofishin fitar da kaya na masana'antar fatarmu da ke Challawa, Labaran direba ya shigo ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce, "Malam Dalhatu ya cika." Malam, ciwon ƙodar da kuka yi ta raina mana shi, kuna cewa gajiya ce, shi ya zama ajali. Bayan La'asar aka kai ku makwanci a Panshekara.

Malam, ni ce Atika ta ofishin da ke kallon naku, wadda kuke tsokana da "mai gaggawa". Ku ne shugaban sashen kwamfuta, amma ban taɓa jin wani ya kira ku oga ba.

Na tuna shekarar da babbar kwamfutar kamfani ta cika maƙil da imel, aka yanke a goge tsofaffi. Kuka nemi a ɗan saurara muku. Kuka koma kuka kwashe saƙonnin shekara da shekaru zuwa Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk abin da aka ajiye a cikinta, da wanda ya ajiye, da ranar. Masu rubuta manhaja aka san su da ita, ku kuwa kuka mayar da ita rumbu. Kowane saƙo kuka ba shi fayil nasa. Hoton fata ɗaya da mutum goma suka tura wa juna, sau ɗaya ake adana shi. Manyan takardu kuka ware musu wuri dabam, kowace shekara kuma da rumbunta don kada abin ya yi nauyi. Da na ce ban gane ba, kuka yi dariya kuka ce, "Atika, mun daina ɗinka wa tsaba ɗaya buhu goma ne kawai."

Ba mu san darajar wannan aiki ba sai daminar da tsawa ta faɗa kan layin wutarmu, babbar kwamfutar ta ƙone ƙurmus. Kwantenoninmu na tashar jirgin ruwa a Legas, kuma duk yarjejeniyar da muka yi da masu saye tana cikin imel. In kayan suka maƙale, aiki zai tsaya, a sallami ma'aikatan da wasunsu daga Jigawa da Maraɗi suka zo neman abinci. Na zauna ina kuka. Kuka ce, "Share hawayenki, akwai kwafi a sitonmu na Bompai, akwai wani a Sharada." Kuka hau mashin cikin ruwan nan, kuka dawo jiƙe sharkaf. Kafin a tashi aiki saƙonninmu sun dawo, ko ɗaya bai ɓace ba.

Duk asirin kamfani yana hannunku, amma ba ku taɓa leƙa saƙon kowa ba. Wani babba ya taɓa neman ku buɗe masa akwatin wani akawu da suka sami saɓani. Kuka ce masa, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ajiya aka ba ni, ba karatu ba."

Akwai alherin da ni kaɗai na sani. Bayan rasuwar maigidana Bashir, aka ƙwace mini waya a Dakata, da duk hotunansa a ciki. Na ambata muku ne kawai a hira. Washegari kuka tambaye ni ko ya taɓa aiko mini da wani abu ta imel ɗina na ofis, kuma ko na yarda ku duba. Na yarda. Kuka samo hotunan sunan 'yarmu Sumayya, yana riƙe da ita yana dariya. Kuka juyo mini da allon kwamfutar, kuka fita kuka ja ƙofa. Da waɗannan hotuna yarinyar nan ta san fuskar ubanta.

A watanninku na ƙarshe kuka dage sai ni da Isyaku na sashenku mun koyi aikin rumbun. Na yi ta ƙorafin ba fannina ba ne, kuna haƙuri kuna maimaitawa. Ashe sallama kuke yi. Jiya na yi ajiyar farko ba tare da ku ba. Sunana ya fito a jerin tarihin, daidai saman naku, na kasa ci gaba.

Allah Ya jiƙan ku, Malam, Ya gafarta muku, Ya sa ciwon da kuka sha ya zama kaffara. Ya haskaka kabarinku, Ya sa Aljanna Firdausi ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinku Hajiya Aina'u, da 'ya'yanku Sagir da Lubna, da dukan dangi da mutanen Panshekara. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Sagir da Lubna, mahaifinku ya riƙe amanar mutane har ya koma ga Ubangijinsa. Allah Ya riƙe masa ku. Mu kuma, in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.